Halin sabulu: kundin binciken kasuwa da nake gudanarwa a Kano

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Yau da hantsi na zauna da Alhaji a ofishinsa da ke Sharaɗa, muka ƙulla yarjejeniyar aikin da zan riƙa rubuta tafiyarsa a wannan kundi. Masana'antarsa ƙarama ce, sabulun wanki kaɗai take yi, kuma ya ce shekara biyu ke nan cinikinsa yana tsaye wuri ɗaya, alhali sababbin sabulai sai shigowa kasuwa suke yi. Yana da niyyar sauya ledar sabulun, ya kuma sa talla a rediyo, amma babban ɗansa, wanda ya karanta harkar kasuwanci a jami'a, ya ba shi shawarar kada ya kashe ko kwabo sai an gano irin halin da masu saye suke jingina wa sabulun, wato da a ce mutum ne, wane irin mutum suke ganinsa. Alhaji bai ɓoye mini cewa abin dariya yake ba shi ba. Ya ce, "Malam, ni dai na san sabulu da kumfa da fitar da datti, ban san shi da hali ba, amma tunda yaron nan ya nace, a gwada."

Na bayyana masa cewa masu talla a Amurka sun daɗe suna aiki da wannan tunani. Misalin da aka fi kawowa shi ne na tabar Marlboro, wadda da farko aka tallata ta a matsayin ta mata, har zuwa tsakiyar shekarun 1950 da kamfanin talla na Leo Burnett ya ɗora ta a kan hoton kaboyi, ta koma tabar mazaje a idon jama'a. Ma'aunin halin kaya da zan fara da shi kuwa na wata masaniya Ba'amurkiya ne, Jennifer Aaker, wanda ta wallafa a 1997. Ta sa Amurkawa 631 suka auna tamburan kayayyaki 37 da kalmomi 114 na siffanta ɗan Adam, sannan ta tace su zuwa 42 da suka faɗa rukuni biyar: gaskiya, ƙayatarwa, ƙwarewa, gayu, da kuma ƙarfi irin na mai jure wahala.

Mun tsaya a kan naira 650,000, wato 150,000 ladana, 500,000 kuɗin fita fili, kuma ya ba da 300,000 kafin alƙalami. Sharaɗina ɗaya shi ne a gama tattara bayani kafin azumi, domin sayayyar gidaje tana sauyawa a watan. A cikin kundin nan zan kira sabulun Alhaji da A, na abokan gogayyarsa uku kuma B da C da D.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na sayo sabulu uku-uku na kowane iri a kasuwar Singa, naira 12,000. Hirar da na yi da 'yan sari ta tuna mini wani abin da zai iya ɓata aikin tun daga tushe, wato mutanenmu ba kasafai suke kiran kaya da sunan da kamfani ya raɗa masa ba. Duk garin wanki omo ne, duk ɗanɗanon miya magi ne, sabulu kuma ana nemansa da launinsa ko da hoton da ke jikin leda. Saboda haka dole kowane mai tambaya ya riƙe sabulan a hannu yana nunawa, maimakon ya ambaci suna kawai.

Talata, 14 ga Janairu

Kwana huɗu na kwashe a kan fassarar kalmomin 42. Na bi hanyar da aka saba: malami ɗaya ya fassara su zuwa Hausa, wani daban da bai ga asalin ba ya mayar da Hausar zuwa Turanci, sannan na kwatanta abin da ya dawo da abin da ya fita. Kowannensu na biya shi naira 15,000.

Kalmomin gaskiya da riƙon amana da hazaƙa da aiki tuƙuru sun tafi sun dawo lafiya. Wasu kuwa sun dawo a juye. Akwai kalmar da ke nufin mutumin ƙaramin gari, wadda a wurin Aaker yabo ce, tana cikin rukunin gaskiya, domin Ba'amurke yana kallon mutumin ƙaramin gari a matsayin mai zuciya ɗaya. Mai fassara na farko ya rubuta "ɗan ƙauye", na biyu ya mayar da ita da ma'anar wanda bai waye ba. Ba zan iya aika yarinya ta tambayi matar aure ko sabulun da take wanki da shi baƙauye ne, sannan in lissafa amsar a cikin yabo ba. Kalmar da ke nufin mai son zama a sarari, hawan dutse da kwana a daji, ta koma "mai yawo", wanda kowa ya san ba kirari ba ne a gidajenmu. Wadda ke nufin mai ƙarfin halin gwada sabon abu ta koma "mai tsaurin ido". Ita kuwa kalmar da ke nuni da yammacin Amurka da makiyayansa masu dawaki, mai fassarar ya ɗauka Turawan Yamma ake nufi, kuma ban ga laifinsa ba.

Akwai wata matsalar da nahawu ya haifar, wadda ban hango ta ba sai da na karanta tambayar a bayyane. A cikin jerin akwai "mai kama da mace" da "mai kama da namiji". To amma sabulu a Hausa namiji ne, da zarar na ce "wane irin mutum ne shi" na riga na sa masa wando da riga kafin mai amsa ya buɗe baki. Da madara nake bincike a kai, da akasin haka za a samu. Na cire kalmomin biyu, tare da wasu goma sha biyu da suka ƙi fassaruwa, saura 28.

Juma'a, 17 ga Janairu

Ban fita ba. Na ɗauki masu tambaya huɗu, mata biyu maza biyu, a kan naira 7,000 kowane yini, tunda maza ba za su shiga gidajen aure ba. An kuma tabbatar mini da wuraren zama biyu na gobe da jibi.

Lahadi, 19 ga Janairu

An yi zaman tattaunawa biyu, mutum goma-goma. Jiya na matan aure ne a wani gida a Gwale, ɗaya daga cikin ma'aikatana mata ta jagoranta, ni kuma na saurari abin da aka naɗa da daddare. Yau na masu wanki da guga ne a Fagge, na jagoranta da kaina. Kuɗin mota da lemo da ruwa sun ci naira 52,000.

A zaman mata, da aka yi tambayar farko shiru ya biyo baya, sai wata dattijuwa ta ce, "'Yar nan, sabulu ai ba shi da rai, ina shi ina hali?" Aka kwashe da dariya, kuma sai bayan dariyar ne bakuna suka buɗe. Wata ta ce sabulun C ɗan ƙarya ne, ga ƙamshi ga leda mai sheƙi, amma ana tsoma shi a ruwa sai ya zagwanye. Wata ta ce D mugu ne, yana fitar da datti amma yana cin hannu. Game da A, kalmomin da suka fi maimaituwa su ne auki da albarka da rufin asiri. Masu wanki da guga ba su yi wata-wata ba, domin su kullum suna cikin sabulu, kuma sun saba yi wa kayan aikinsu kirari da zambo. Ɗayansu ya ce B marowaci ne wajen kumfa, wani ya ce A kamar tsohon ɗan dako ne, ba ya ado amma ba ya gajiya.

Babu auki ko albarka ko rufin asiri a cikin kalmomin Aaker, kuma babu ko kalma ɗaya ta kushe, alhali rabin abin da na ji a kwana biyun nan kushe ne. Na duba jerin halaye goma da Anthony Kirk-Greene ya kawo a nazarinsa na mutumin kirki a wurin Bahaushe, wanda aka buga a 1974, wato gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Amana da karamci da haƙuri sun fito a bakin mutanena ba tare da an tambaye su ba. Kunya da ladabi ba wanda ya jingina wa sabulu.

Laraba, 22 ga Janairu

Na ƙara kalmomi 12 daga zaman tattaunawar a kan 28 ɗin, suka zama 40. Ba ni ne farkon wanda ya taɓa ma'aunin ba, domin ita kanta Aaker da abokan aikinta biyu, da suka sake binciken a Japan da Sifen a 2001, sun tarar rukunin ƙarfi bai fito a Japan ba, wani rukuni na natsuwa ne ya maye gurbinsa, a Sifen kuma aka sami rukunin shauƙi. An buga takarda 45 masu shafi huɗu-huɗu, naira 7,200.

Talata, 28 ga Janairu

Gwajin farko ya ƙare yau bayan kwana biyu a Ɗorayi da Kurna, kuma bai yi kyau ba. Laifin farko nawa ne, na lissafi. Kalma 40 a kan sabulu huɗu tambaya 160 ke nan, kuma ban tsaya na auna abin da hakan ke nufi ga mace mai tukunya a kan wuta da yaro a baya ba. Hira ɗaya tana kai minti hamsin. Da na duba takardun, sai na ga amsoshin sabulun farko suna hawa suna sauka kamar na wanda ke tunani, amma daga na uku sai lamba ɗaya ta miƙe tun daga saman shafi har ƙasa, alamar mai amsa ya gaji yana neman a tafi a ba shi wuri.

Matsala ta biyu ita ce makin ɗaya zuwa biyar da ake so mai amsa ya ba kowace kalma. Da yawa ba su ga bambanci tsakanin biyu da uku ko uku da huɗu ba, suna cewa ko dai sabulu yana da amana ko ba shi da ita. Ɗaya daga cikin 'yan matan ce ta samo mafita da kanta a rana ta biyu, ta ɗebi ƙwayar wake biyar ta zuba a faranti, ta ce wa matar ta ware wa sabulun adadin da ya cancanta. Takardunta na ranar sun fi na kowa ma'ana, don haka kowa zai riƙe wakensa daga yanzu.

Ta uku ta fi wuyar magani. Mutane suna ɗauka mu 'yan kamfani ne, kuma bisa al'ada ba a kushe kayan baƙo a gabansa, balle ana sa ran zai bar kyauta. Duk kalmar yabo sai a ba ta biyar, duk ta kushe a ba ta ɗaya, ga sabulai huɗun baki ɗaya. Na sake rubuta gabatarwar domin ta fayyace cewa ba mu sayar da komai, ba ma raba komai, kuma kushe ya fi yabo amfani a wurinmu.

Alhamis, 30 ga Janairu

Jimillar abin da ya fita zuwa yau naira 157,200. Na mayar da tambayoyin cikin waya ta manhajar KoboToolbox, wadda take aiki ko babu intanet, domin a huta da buga takarda. Na rage kalmomin zuwa 24.

Litinin, 3 ga Fabrairu

A ƙarshen mako na karanta wani bincike da ya hana ni sukuni. A 2014 wasu masana uku a New Zealand, Mark Avis da Sarah Forbes da Shelagh Ferguson, sun nuna wa ɗalibai hotunan duwatsu uku, suka ba su ma'aunin Aaker, suka ce su auna halin kowane dutse. Ɗaliban suka auna, kowane dutse ya fito da halinsa daban, wasu har da bayanin irin rayuwar da dutsen yake yi. Binciken ya sami kyautar Ig Nobel a 2016, wadda ake bai wa ayyukan da ke sa dariya kafin su sa tunani. Abin da masanan suka nuna shi ne tambayar da kanta tana iya haifar da halin da ake cewa an gano.

Maganar dattijuwar Gwale ta dawo mini. Kafin a tambaye ta, sabulu ba shi da hali a wurinta, bayan minti goma kuma tana cikin masu cewa wane marowaci ne. Idan haka ne, ta yiwu abin da zan kai wa Alhaji a ƙarshe amsa kuwwar tambayata ce kawai. Na yanke shawarar gwadawa da kaina. Na ƙagi suna, na sa aka buga mini koriyar leda mai hoton tauraro, na naɗe wani sabulu marar suna a ciki, zai shiga gwaji na biyu a matsayin sabulu na biyar. Masu tambayar ma ban gaya musu na ƙage ne ba. Buga ledar naira 6,000.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Gwaji na biyu, mutum 40 a Sheka da Rijiyar Lemo, jiya da shekaranjiya. Ladan ma'aikata 56,000, data da cajin waya 8,000.

Daga cikin mutum 40, tara ne kaɗai suka ce ba su san sabulu na biyar ba, don haka ba za su auna shi ba. Sauran duk sun ware masa wake a kan kowace kalma, kuma amsoshinsu ba a warwatse suke ba, sun karkata wuri ɗaya, wato mai natsuwa, mai tsafta, mai gaskiya. Wani magidanci ya ce da mutum ne da malamin islamiyya ne, ina kyautata zaton saboda koren launi da tauraron. Mata biyu sun ce sun taɓa wanki da shi, ɗaya har ta ce ya fi na da kyau. Ban ɗauke su maƙaryata ba. Leda ce mai kama da ledoji da yawa, kuma baƙuwa ta zo har tsakar gida ta yi tambaya cikin ladabi, cewa "ban sani ba" yana da nauyi a baki.

Na zauna da amsoshin har dare ina neman abin da ya raba na ƙagen da na gaskiyan, kuma na same shi a wurin da ban sa rai ba. A lambobi kusan babu bambanci. Amma a ƙarshen kowane sashe akwai tambayar "me ya sa kika ce haka", kuma a nan aka rabu. Game da na ƙage, dalilan duk na ido ne, launi da hoto da girma. Game da A da C da D kuwa, dalilan labarai ne: ranar da aka wanke kayan suna da sabulu ɗaya ya isa, ranar da hannu ya tsage, ranar da mai shago ya ba da bashi. Ke nan lamba ba ta bambanta halin da aka gina da shekaru da wanda aka ƙirƙira a minti ɗaya, sai an ji dalili.

Wani abin kuma ya fito game da A. A Sheka mutane da dama sun san mai masana'antar, kuma da aka tambaye su halin sabulun sai suka riƙa bayyana halinsa shi, cewa yana fitar da zakka, yana ɗaukar yaran unguwa aiki. Aaker ta ambaci cewa halin tambari yakan samo asali daga mutanen da ke da alaƙa da shi, masu amfani da shi da ma'aikatansa da shugabansa, amma a ƙaramar masana'anta irin wannan, mutumin yana iya rufe kayan gaba ɗaya. A Rijiyar Lemo, inda ba a san shi ba, kalmar karamci ba ta sami wake sosai ba.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Na kai wa Alhaji labarin sabulun ƙage, ɗansa yana zaune. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya dubi ɗan ya ce, "To ka ji, ashe ko dutse aka naɗe a leda zai yi hali." Na ce, "Ranka ya daɗe, an ma gwada da dutsen." Daga nan ya tambaye ni ko a tsaya haka a huta da asara. Na ce masa a ganina aikin yana da sauran amfani idan an ɗaure shi da sharuɗɗa, kuma ko shi sabulun ƙagen ya koya mana cewa leda kaɗai tana magana, wanda shi ne ainihin abin da yake shirin kashe kuɗi a kai. Ya amince, ya ba da ragowar naira 200,000 na fita fili.

Sharuɗɗan da na sa su ne waɗannan. Ba za a tambayi kowa game da sabulun da bai yi wanki da shi a cikin wata ɗaya da ya wuce ba. Za a fara da buɗaɗɗiyar tambaya, a bar mutum ya siffanta sabulun da bakinsa kafin a karanta masa kowace kalma. Kowace kalma za ta sami zaɓin "wannan ba ta dace da sabulu ba", kuma mai tambaya zai faɗe shi a bayyane. Kalmomin sun koma 16, kuma ban ji tsoron gajarta su ba, tunda ma'aunin da Maggie Geuens da abokan aikinta suka fitar a Beljiyam a 2009 kalma 12 ne kacal. Za a kuma rubuta ko mai amsa ya san mai masana'antar.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Kafin babban fita, na gwada wata tsohuwar dabara da ba ta bukatar a ce wa kowa sabulu mutum ne. A 1950 wani masani a Amurka, Mason Haire, ya rubuta takardar cefane iri biyu, komai ɗaya sai kofi, ɗaya tana da Nescafé na nan-take, ɗaya tana da Maxwell House da ake dafawa. Ya ba mata 50 ta farko, wasu 50 ta biyu, ya ce su siffanta matar da ta yi sayayyar. Kusan rabin waɗanda suka ga Nescafé sun kira ta malalaciya, abin da mutane ba su faɗa ba lokacin da aka tambaye su kai tsaye dalilin ƙin kofin. Da aka maimaita gwajin a wani binciken da aka wallafa a 1970, bambancin ya kusa ɓacewa, wato irin wannan hoto yana tsufa.

Na rubuta tawa takardar mai kaya bakwai: shinkafa, man gyaɗa, magi, gishiri, ashana, sukari da sabulu, ɗaya da A ɗaya da C, ana karanta wa matar a bayyane, a nuna mata sabulun. Ranar farko ta tafi a banza saboda kurakurai biyu nawa. Na rubuta galan guda na man gyaɗa, sai hankalin kowa ya tafi can, ana cewa wannan gida akwai wadata, ba wanda ya kula da sabulun. Na biyu kuma, na kwafi tambayar Haire yadda take, "wace irin mace ce ta yi wannan sayayya", sai matan suka riƙa amsawa da cewa ai maigida ne ke cefane, suka shiga siffanta shi. Abin kunya ne a ce ni da na tashi a garin nan sai da aka tuna mini haka. Na mayar da man kwalba ɗaya, tambayar kuma ta koma "wane irin gida ne aka kai wa wannan cefane, kuma wace irin mace ce uwargidan".

A kwana biyun da suka biyo baya an sami mata 40, ashirin-ashirin. Gidan da aka kai wa A ya fito a matsayin gida mai yara da yawa, uwargida mai tattali da haƙuri, maigida mai ƙaramin ƙarfi. Gidan C kuwa na amarya ne ko ma'aikaciya, mai son ƙamshi, wasu suka ce ba ita ke wankin da kanta ba. Wannan hoton mai saye ne, ya bambanta da halin sabulun, amma ya fi duk lambobin da na tara zuwa yanzu fitowa sarai. Kwana ukun sun ci naira 51,000, jimilla 278,200.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Babban fita ya fara ranar Litinin, ana neman mutum 160 a Gwale, Fagge, Hotoro da Kurna. Hira tana ɗaukar minti goma sha biyar zuwa ashirin. Zuwa yammacin yau an sami 97.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Jiya aka cika 160, amma daren jiya da nake duba bayanan na ga abin da ya ɓata mini rai. Wayar tana rubuta lokacin fara kowace hira da lokacin gama ta, da kuma wurin da aka yi ta. Hirarraki 23 na ɗaya daga cikin samarin kowace ba ta wuce minti huɗu ba, kuma dukkansu daga wuri ɗaya suka fito, wanda da na bincika na tarar teburin mai shayi ne. Buɗaɗɗun amsoshin ma kalma uku ce yake juyawa. Na kira shi da safe, ya fara musu, da na nuna masa lokutan sai ya sunkuyar da kai ya ce rana ce ta yi zafi kuma masu wankin suna korarsa. Na biya shi kwanakin da ya yi aikin gaskiya, na sallame shi. Nawa sakacin shi ne ban riƙa duba bayanan kowane dare ba, na bari sai ƙarshe. Na zubar da 23 ɗin, ni da ɗaya saurayin muka fita yau muka maye 14, gobe za mu ƙarasa tara.

Litinin, 24 ga Fabrairu

An kammala. Na shigar da amsoshin cikin kwamfuta na yi lissafin da ke tara kalmomin da suke tafiya tare rukuni-rukuni. Mutum 160 a kan kalma 16 ya yi daidai da ƙa'idar da aka saba bi ta mutum goma ga kowace kalma, amma unguwa huɗu ba Kano ba ce, kuma zan rubuta haka a shafin farko na rahoton.

Rukuni uku suka fito maimakon biyar. Na farko ya haɗa amana, gaskiya, auki, albarka da rufin asiri, kuma A ne a gaba a nan, har a wurin waɗanda ba su san Alhaji ba, ko da yake tazarar ta ragu a wurinsu. Na biyu ya haɗa gayu, ƙuruciya, burgewa da ƙarya, C ne a gaba, A a can baya. Na uku ya haɗa ƙarfi, zafi da mugunta, D ne a gaba. Kalmomin da aka fi cewa ba su dace da sabulu ba su ne hazaƙa da fara'a, kuma dukkansu daga jerin Amurka suka zo.

Ina da shakka a kan rukunin farko. Auki ba halin mutum ba ne, aikin sabulu ne, kuma zamansa wuri ɗaya da amana yana nuna cewa idan mace ta ce A mai amana ne, abin da take nufi shi ne ba ya ƙarewa da wuri. Audrey Azoulay da Jean-Noël Kapferer sun yi irin wannan suka a 2003, cewa ma'aunin Aaker ya cakuɗa hali da abubuwan da ba hali ba, kamar shekaru da jinsi da matsayi. Nawa ma'aunin ya faɗa ramin, sai dai ban ga dalilin tsame shi ba, tunda haka masu sayen suke magana. Abin da zan kauce wa shi ne in gaya wa Alhaji cewa talla ce za ta riƙe masa wannan amana. Idan ya rage nauyin sabulun ko ya ƙara masa ruwa don ya sauke farashi, rukunin farko zai rushe ko da wace murya aka sa a rediyo.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Babban fita ya ci naira 133,000 bayan cire kwana ɗaya na wanda aka sallama, kwana biyun gyara 14,000, data da mota 17,000. Jimillar kuɗin fili 442,200, saura 57,800 a hannuna.

Na yi wa Alhaji da ɗansa bayani da baki yau, rubutaccen rahoto kuma zan miƙa ranar Juma'a, tunda ana sa ran ɗaukar azumi ranar Asabar. Ɗan yana son leda mai sheƙi da za ta jawo amare da ma'aikata, wato a kutsa cikin rukunin C. Na ce masa bayanan da ke hannuna ba su nuna hakan zai yi aiki ba, ba su kuma nuna ba zai yi ba, abin da suka nuna shi ne gayu da ƙarya rukuni ɗaya suke a bakin masu sayen A, don haka akwai haɗarin a rasa na hannu. Alhaji ya ce a gwada kafin a buga katan dubu.

Bayan Sallah za a buga leda iri biyu, ɗaya mai sheƙi ɗaya kusa da ta yanzu, a naɗe sabulu iri ɗaya a ciki, a raba wa gidaje 30 su yi wanki da shi mako biyu kafin a tambaye su komai. Za a kuma naɗi tallar rediyo da murya biyu, ta dattijuwa da ta budurwa, a kunna wa mata a zaman tattaunawa. Ragowar kuɗin zai ishi buga ledojin da zama ɗaya, sauran sai an sake lissafi da Alhaji. Koriyar ledar mai tauraro tana cikin durowata, za ta sake fita tare da sababbin biyun.